Yadda ake turkar raguna don Babbar Salla, tun daga saye har sayarwa

Duk shekara in layya ta wuce sai ka ji matasa a ƙauye suna cewa baɗi in sha Allahu su ma za su yi turka, don sun ga maƙwabci ya sai da rago ya ƙirga kuɗɗi masu kauri. Abin da ba su gani ba shi ne wahalar wata uku ko huɗu da tag gabata, da kuma harawar da mutumin yat tara tun kaka. Ni na daɗe ina wagga sana'a a ƙauyenmu gabas da birnin Sakkwato, na ci riba na kuma yi asara, shi ya sa nake son in shimfiɗa ma wanda zai fara yadda abin yake, ko namiji ne ko mace, don gaskiya mata na cikin gida sun fi mu iya turka, su ka zaune da dabba wuni guda suna ganin motsinta.

Abu guda da nake son ka riƙe tun yanzu, ribar turka ranar saye ake cinta. In ka sayi rago da tsada ka sayi abinci da tsada, babu dabarar da za ta fisshe ka ranar kasuwa.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Wuri mai inuwa. Rumfar zana ko ta kara ta wadatar, ba sai ka yi gini ba, amma ƙasan ya zam da tudu kaɗan yadda fitsari da ruwan sama ba su kwantawa. In akwai dogon yaro ko gawo cikin gida, ka samu rabin aiki.
Turke mai ƙarfi ga kowane rago, da igiya mai laushi wadda ba ta cin ƙafa.
Komi na abinci da bokiti ko roba ta ruwa. In babu komi, ka tsaga jarka gida biyu ko ka yanke tsohuwar taya, duk suna yi.
Harawar wake ko ta gyaɗa, kowa (ɓawon wake), dusa, da angurya ko ƙuli-ƙuli, sai gishiri da 'yar kanwa.
Maganin tsutsar ciki, maganin kaska da ƙwarƙwata, da lambar wayar malamin dabbobi na kusa da ku.
Igiya siririya guda ta awo, zan faɗi amfaninta gaba.
Littafi da biro. Kar ka raina wanga, shi ne zai gaya maka gaskiya ranar da kas sai da.

1. ƘIRGA KWANAKI DA KUƊƊI KAFIN KA TAKA KASUWA

Turka ta kwana 90 zuwa 120 ita ce daidai. Ƙasa da haka rago bai gama cika ba, fiye da haka kuma ya fara cin ribarka don akwai lokacin da shina cin abinci amma jikin bai ƙaruwa yadda ya kamata. Salla kuwa kowace shekara tana matsowa baya da kwana 10 ko 11, a 2024 an yi ta 16 ga Yuni, a 2025 an yi ta 6 ga Yuni. Ma'ana 'yan shekarun nan turkar layya tana faɗawa tsakiyar bazara ne, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, daji ya ƙone babu ciyawa, damin harawa ya yi tsadar da ba a magana. Wanda duk zai jira sai ya sayi rago sannan ya fara neman abinci ya makara.

Wajen jari, raba kuɗɗinka kashi uku, biyu na rago ɗaya na abinci da magani. Kuskuren da sabbin shiga sunka fi yi shi ne su zuba duka kuɗɗin ga raguna, mutum shina da na guda biyu shi sayi uku, wata guda ba ta cika ba abinci ya ƙare, sai ka gan shi ya sake su suna yawo bola. Gara rago ɗaya ƙosasshe da uku masu neman taimako. In jarin bai kai ba, ka shiga adashe ka roƙi a ba ka kwasa daidai lokacin saye, ko ku haɗa da mai kuɗɗi shi sayi dabba kai ka yi kiwo ku raba riba, amma ku zauna gaban shaidu ku yanke magana tun farko, wa ke ɗaukar abinci, in dabba ta mutu yaya za a yi. Na ga zumunci ya lalace kan wagga magana da ba a yi ba.

2. TARA ABINCI TUN KAKA

Daga Oktoba zuwa Nuwamba, in anka roro wake anka cire gyaɗa, lokacin ne harawa ke arha. In kana da gona to taka ce kyauta, ka yanke ta da sauran kore-kore kafin ganyen ya kakkaɓe, don ganyen shi ne abincin, karan banza ne. Ka ɗaure dami-dami ka aza bisa rumfa ko reshen itace inda akuya ba ta kaiwa kuma gara ba ta hawa. Kowa, wato ɓawon wake in anka sussuka, ka ɗura a buhu. Dusa ka bi gidaje da injin niƙa kana saye kaɗan-kaɗan kana shanyawa ta bushe ƙarau kafin ka ɗura, dusa mai laima tana yin fumfuna cikin kwana kaɗan kuma in rago ya ci sai zawo. Lokacin da gawo ke zubar da 'ya'ya ka sa yara su tsinto maka, raguna suna sonsu ƙwarai kuma suna sa jiki.

In ba ka samu harawa isassa ba, karan dawa ko na gero da anka daddatsa ƙanana shina cika ciki, sai dai bai gina jiki shi kaɗai, dole ka ƙara kowa da angurya. Masu kusa da fadama irin su Wurno, Goronyo da Kware suna da sauƙi, akwai ganyen dankali da ciyawar lambu ko da rani, amma ka bari ta sha iska ta yi yaushi kafin ka ba su.

3. SAYEN RAGO

Nan ne aikin yake, kuma nan zan daɗe. Manyan kasuwanninmu su ne Achida ranar Laraba, Illela ranar Lahadi, sai Kara cikin birni. Illela tana bakin iyaka da Ƙonni, dabbobin Nijar nan suke fara sauka, shi ya sa duk abin da yat taɓa iyaka sai ya taɓa farashi, kowa ya shaida haka lokacin da anka rufe ta a 2023. Amma in rago ɗaya ko biyu za ka saya, ƙaramar kasuwar ƙauye ko hannun Fulanin da ka sani ya fi maka, ka huta da kuɗɗin mota.

Iri uku munka fi sani. Uda, mai launi biyu, gaba baƙi ko ja baya fari, shi ne namu na nan, shina jure zafi kuma shina da tsawo. Balami fari ne tas mai dogon kunne da ƙaton jiki, masu kuɗɗi shi suke nema amma cinshi ma babba ne. Yankasa ya fi su ƙanƙanta, fari mai baƙi-baƙi wajen ido da baki, bai cin jari sosai kuma shina saurin fita don mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi yawa ranar layya. Ni shawarata ga mai farawa ya ɗauki Uda matsakaici ko Yankasa, ya bar Balami sai hannunshi ya faɗa.

Kar ka sayi ƙosasshe, wani ya riga ya ci ribar. Ka nemi rago mai ƙashi, dogo, mai faɗin ƙirji da baya, wanda yunwa ce ta ramar da shi ba cuta ba. Ga yadda za ka bambance.

Buɗe bakinshi. Tunkiya ba ta da haƙoran gaba a sama, na ƙasa ne guda takwas. In duka ƙanana ne iri ɗaya, bai cika shekara ba ko yanzu yake cikawa. In biyu na tsakiya sun fito manya masu faɗi, ya kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wanga shi nake saye don shina kan girma kuma ya isa layya babu tantama. In manyan sun kai shida ko takwas ko sun fara cinyewa, tsoho ne, zai ci abincinka ya bar ka.

Ja fatar idonshi ta ƙasa ka duba ciki. Ja ko ruwan hoda lafiya lau, in ta yi fari fat to tsutsa ta shanye mishi jini. Duba hanci ko akwai majina, duba ƙarƙashin wutsiya ko kashi ya manne, alamar zawo ke nan. Shafa jikin ka ji ko akwai ƙurji ko ƙazuwa. Sa a ja shi ya yi tafiya ka ga ƙafafu. Ka tuna na layya kake kiwo, mai ido ɗaya, gurgu, mai yankakken kunne sosai ko karyayyen ƙaho mai jini, duk ƙibar da zai yi mai saye zai kauce mishi.

Akwai wata dabara da wasu marasa tsoron Allah ke yi, su ɗura ma dabba ruwa da gishiri ko kanwa da safe cikinta ya taso. Kar ka kalli ciki, ka ɗora hannu bisa gadon baya ka latsa, nan nama yake in akwai. Shekarar da nif fara na sayi wani a hakan, mun kawo gida da marece, da gari ya waye cikin ya sace sai ga haƙarƙari ana ƙirgawa, ashe ma ciwon hanta gare shi, sati uku ina magani daga ƙarshe mahauci yak karɓa rabin kuɗɗi. Tun daga nan ban zuwa kasuwa sai da dattijon da ya san dabba, kuma kai ma ka yi haka, ka ce mishi Baba zo ka duba min, ɗan goron da za ka ba shi bai kai asarar rago ba. Ka kuma tambayi la'adar dillali kafin a sallama, kuma ka saya hannun wanda anka sani, don zamanin nan dabbar sata ta yi yawa, in anka biyo sawu kai za a kama.

4. SATI BIYU NA FARKO

In kana da wasu dabbobi gida, sabon rago ka ɗaure shi nesa da su sati biyu. Cutar da ta fi kashe tumaki da awaki wajenmu ita ce wadda likitoci ke kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo, kuma daga kasuwa ake kwaso ta. Tana da rigakafi, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato na yin allurar, ka tambayi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku. Rigakafi ga mai lafiya ake yi, in ya riga ya kamu ba ta warkarwa.

Ranar farko ruwa da harawa kawai, ya huta gajiyar mota. Rana ta biyu ko ta uku ka ba shi maganin tsutsa, albendazole shi anka fi samu, a maimaita bayan sati biyu zuwa uku. In akwai kaska ko ƙazuwa a yi mishi allurar ivermectin. Awon magani da nauyin dabba yake tafiya, kar ka yi kintace, kuma kar ka sayi wanda ya wuni cikin rana bisa tabarma a kasuwa. In abu ya gagari malamin ƙauye, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Sakkwato.

5. CIYARWA

Ga haɗin da nake yi, dusa kwano 3, kowa kwano 2, angurya ko dakakken ƙuli-ƙuli kwano 1. Gishiri kamar cikin tafin hannu ɗaya ga tiya goma ta haɗin. Ina yayyafa ruwa ya ɗan jiƙa don kar ƙurar ta shiga hanci, amma iya wanda za su cinye a take, ragowar jiƙaƙƙe in ya kwana ya yi tsami.

Kar ka fara da yawa. Ragon da yat taso daji ciyawa cikinshi ya sani, in ka cika mishi komi da dusa ko hatsi rana ɗaya cikin zai kumbura ko ya ɓarke da zawo, wani ma kafin safe ya tafi. Fara da cikin hannu biyu safe da marece, kana ƙarawa kaɗan duk bayan kwana uku, cikin sati biyu ya kai rabin kilo a wuni, babban rago daga baya har kilo ɗaya. Kullum harawa ta fara shiga kafin dusa, kuma kar harawa ta yanke gabanshi. Ka riƙa duba kashi da safe in kana shara, in ƙwaya-ƙwaya ne lafiya, in ya fara curewa ya yi laushi ka rage dusa kwana biyu.

Ruwa kuwa a bazara kar bokiti ya bushe, kuma ka aje shi inuwa. Ruwan tsari na wankin gero mata sun san amfaninshi, a ba su sabo kafin ya yi tsami. Dusa da yawa babu isasshen ruwa ita ke kawo ɗaurewar fitsari ga raguna, za ka ga shina miƙewa shina nishi, fitsari na ɗiga kaɗan-kaɗan ko babu, in ka ga haka kar ka tsaya jiƙe-jiƙe, kira likita a ranar. Kanwa kaɗan ake sawa, sau ɗaya ko biyu a sati, ba kullum ba.

Sai leda. Wallahi leda ta kashe raguna da yawa a garuruwanmu, rago shina haɗiye ta don ƙanshin abinci, ta taru cikin tumbi, kana ba shi abinci shina ramewa ba ka san dalili ba sai ranar da anka yanka. Ka share wurin kullum, ka gargaɗi yara kar su yar da ledar alewa ko ta awara kusa da turke.

6. AWO DA LISSAFI

Yawancinmu ba mu da sikeli, ga inda igiyar nan ke aiki. Ranar da kak kawo rago, zagaya ƙirjinshi da ita daidai bayan ƙafafun gaba, ka ƙulla inda ta haɗu. Duk Juma'a da safe kafin ya ci komi ka sake zagayawa ka yi sabon ƙulli. Ido shina ruɗin mai ganin dabba kullum, amma igiya ba ta ƙarya, in ƙulli na gaba da ƙulli to kuɗɗinka na aiki, in sati biyu sun wuce wuri ɗaya akwai matsala, ko tsutsa ko haƙori ko abincin bai isa. Kowane rago da igiyarshi, ni ina rataye su ga ƙusa jikin rumfa.

Littafi kuma komi ka rubuta, har kuɗɗin mashin da ya ɗauko dusa. Misali kawai, don farashi kullum canzawa yake, a ce ka sayi rago 120,000, abinci na kwana 100 ya ci 50,000, magani 5,000, mota da la'ada 5,000, to ragonka ya tsaya maka 180,000. Wanda bai rubuta ba in anka taya 170,000 murna zai yi ya ce ya ci 50,000, alhali ya faɗi da 10,000 ban da wahalarshi. Ko harawar gonarka ce ka yi mata kuɗɗi ka sa ciki, don da ka kai ta kasuwa saye za a yi.

Takin da kake sharewa kar ka zubar, tara shi wuri ɗaya a buhu, masu albasa da masu lambu suna saye, ko ka kai gonarka ka rage kuɗɗin takin zamani.

7. SAYARWA

Wata guda kafin Salla ka daina allura da magani sai dole, kowane magani akwai kwanakin da anka rubuta jikin kwalba da ya kamata su wuce kafin a ci naman, wasu sun kai kusan wata. Mutane za su ci da iyalinsu, amana ce. Haka allurar kumbura jiki da wasu ke yi ma dabba ta yi ɓul-ɓul, ruwa ne ba nama ba, ka nisance ta.

Sati uku kafin Salla ka fara zagaya kasuwa hannu sake kana jin yadda ake tayi. Ka wanke ragon da sabulu ya bushe a inuwa, ka ɗauki hoto da ɗan bidiyo shina tafiya ka sa a WhatsApp, ka tura ma 'yan garinku da ke aiki birni ko Abuja ko Legas, sau da yawa a gida ake saye ba ka biya mota ba ka biya la'ada. In ciniki ya faɗa ka karɓi kuɗɗi ko ka ga alat ya shigo asusunka da idonka, hoton rasit ba kuɗɗi ba ne. In mai saye ya ce a bar mishi wurinka har jajibiri, ku yi magana kan abincin kwanakin da kuma in wani abu ya faru.

Kar kwaɗayi ya sa ka jira jajibiri. Wata shekara farashi na tashi ranar, wata shekara kuma motoci su cika kasuwa da dabbobi ya faɗi warwas, kuma kai mai rago biyu ba ka iya ɗaukar wagga caca. In an taya abin da ya rufe lissafinka da riba mai kyau kwana goma kafin Salla, sallama. Bashi kuwa, na sai an yi albashi, ni na daina bayarwa, in an ci nama an gama biyan yana nauyi, akwai wanda har wata layyar ta zagayo ban gama karɓa ba.

In Salla ta wuce da saura hannunka ba asara ba ce tukuna, akwai ragon suna duk sati, akwai masu dawowa daga Hajji, akwai mahauta da masu balangu. Rage mishi dusa ka riƙe shi da harawa har mai saye ya zo.

8. BAYAN AN SAYAR

Ranar da kuɗɗi sunka shigo, kafin hidimar Salla ta taɓa su, fitar da uwar kuɗɗi gefe. In ka bar su aljihu za su narke, gara ka maida su dabba nan take, bayan Salla ƙananan raguna kan yi sauƙi kuma damina na tafe da ciyawa kyauta, ko ka sayi tunkiya ko jar akuyarmu ta Sakkwato mai yawan haihuwar tagwaye, nan da shekara biyu dabbar da za ka turke haihuwar gidanka ce. Cikin ribar ka ware na harawa ka aje har kaka. Sannan ka kwashe takin wurin duka, ka zuba toka, ka bar rana ta gasa shi sati biyu kafin wata dabba ta hau turken.